Ra'ayinmu: Dokar karnuka masu haɗari, a fara da mai kare

Tun daga ranar 1 ga Fabrairu, 2024, duk wanda aka kama da karen nan da ake kira XL Bully a Ingila ko Wales ba tare da takardar izini ba, ya yi laifi a gaban doka. 'Yan sanda na iya ƙwace karen, shi kuma a gurfanar da shi gaban alƙali. Wata guda kafin nan, ranar 31 ga Disamba, 2023, an riga an haramta haɗa irin wannan kare barbara, da sayar da shi, da tallarsa, da bayar da shi kyauta, har ma da yasar da shi a kan titi. Firaministan wancan lokaci, Rishi Sunak, shi ne ya sanar da matakin a watan Satumba na 2023, bayan hare-haren da suka riƙa bin juna, wasu har da asarar rai. Sikotilan da Ayalan ta Arewa sun bi sahu a cikin 2024, haka ma Jamhuriyar Ayalan.

Wani zai ce, to mu ina ruwanmu da karen Bature? Da ruwanmu kuwa. Duk mai yawo a Akra da Kumasi da Tamale ya san karnukan da ke bayan get a yau ba irin waɗanda muka tashi muka gani ba ne. Boerboel na Afirka ta Kudu, Rottweiler na Jamus, Pit Bull da danginsa, duk sun shigo, ana tallar 'ya'yansu a Facebook da Instagram kamar yadda ake tallar takalmi. Cikin masu kiwonsu don sayarwa har da samarinmu na zango. Kuma duk ranar da ɗaya daga cikinsu ya yagi wani, za ka ji masu buga waya gidajen rediyo baki ya zo ɗaya: a hana su kawai, ai ko Ingila ta hana. Tunda dokokinmu da yawa daga can aka gado su, ba abin mamaki ba ne wata rana a kwaso wannan ma a dire mana. Gara mu auna ta tun yanzu, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Maganar ta fi shafar mazauna zango saboda irin zaman da muke yi. A Nima ko Mamobi ko Aboabo, lungu ɗaya ne ke haɗa gidaje masu yawa, wani wurin ma mutum biyu ba sa iya wucewa a jere. Gidan haya ɗaya kan ɗauki iyalai da dama, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, ƙofa ɗaya. Sannan lokacin da masu karnuka suka saba sakinsu, wato daga tsakar dare zuwa wayewar gari, shi ne lokacin da dattawa ke lallaɓawa zuwa sallar asuba, mai koko da ƙosai ke fito da kayanta, yara kuma ke haramar makarantar allo. Karen da ya kai kilo 60, idan ya ƙwace a irin wannan lungu, babu wurin gudu.

Saboda haka matsayin wannan jarida a fili yake. Muna son doka, kuma mai tsauri. Dokar da muke so ita ce wadda za ta ɗora nauyi a wuyan mai kare, ta gindaya sharuɗɗa ga duk wanda ke son riƙe babban kare a cikin jama'a, ta kuma yi wa kowane kare hukunci gwargwadon abin da ya aikata. Shi kuwa jera sunayen iri-iri a takarda a ce an haramta, an gwada shi a ƙasashe da dama, kuma abin da ya biyo baya yana nan kowa na iya dubawa.

A fara da ita kanta Birtaniya. A 1991, bayan wasu munanan hare-hare, ciki har da wanda aka kai wa wata yarinya 'yar shekara shida a birnin Bradford, majalisa ta yi Dokar Karnuka Masu Haɗari cikin 'yan makonni. Ministan cikin gida na lokacin, Kenneth Baker, shi ya kawo ta. Iri huɗu aka haramta: Pit Bull Terrier, da Tosa na Japan, da Dogo Argentino, da Fila Brasileiro. Da farko ma alƙali ba shi da zaɓi, duk karen da aka tabbatar yana cikin jerin kuma ba shi da rajista, sai kisa. Sai a 1997 aka sassauta wannan. Har yau masana shari'a a can suna kawo wannan doka a matsayin misalin abin da gaggawa ke haifarwa.

To cizon ya ragu? Masu bincike na Jami'ar Liverpool sun duba alƙaluman asibitocin Ingila daga 1998 zuwa 2018, suka gano cewa yawan waɗanda ake kwantarwa saboda cizon kare, idan aka auna da yawan jama'a, ya ninka fiye da biyu. A 2018 kwamitin majalisa mai kula da muhalli da abinci da karkara ya saurari shaidu, ya ce hujjojin da gwamnati ke kare haramcin da su ba su da ƙwari, ya nemi a sake nazari. Babban abin lura kuwa shi ne asalin XL Bully ɗin kansa. Daga jinin Pit Bull aka fitar da shi a Amurka. Masu kiwo suka gauraya, suka ƙara masa jiki, suka raɗa masa sabon suna, ya shiga Birtaniya wajejen 2014 ba tare da wani ya tare shi ba, don sunansa ba ya cikin takarda. An toshe ƙofa, ya shigo ta taga. Babu kuma abin da zai hana gobe a sake fito da wani mai sabon suna.

Akwai kuma rikicin gane irin. Dokar Birtaniya kama take dubawa, ba ta aiki da gwajin jini. Jami'i zai zo da tef ya auna tsayi, ya dubi faɗin kai da ƙirji da ƙirar jiki. Ga XL Bully, namijin da ya kai santimita 51 daga ƙasa zuwa kafaɗa, ko macen da ta kai 48, idan sauran siffofin suka zo daidai, ya faɗa jeri. Idan mai kare ya musa, shi ne zai kawo wa kotu hujjar cewa nasa ba ya ciki. Sai ka ga karnuka biyu uwa ɗaya uba ɗaya, ɗaya ya faɗa, ɗaya ya tsira. Lissafin gwamnati ma bai zo daidai ba. Ta zaci karnukan kusan 10,000 ne, da aka buɗe rajista sai ga fiye da 50,000. Kowane mai kare ya biya fam 92.40 na takarda, ya yi inshora, ya dandaƙe karen, ya sa aka dasa masa 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata, kuma ba zai fita da shi ba sai da takunkumi da igiya. Wanda ya zaɓi likita ya kashe nasa, gwamnati ta ba shi fam 200. Shugabannin 'yan sanda kuwa sun fito suna kukan miliyoyin fam da ke tafiya wajen ajiyewa da ciyar da karnukan da aka ƙwace kafin shari'a ta ƙare.

Wannan fa ƙasa ce mai kuɗi, mai rajistar dabbobi, mai 'yan sanda na musamman don wannan aiki. Yanzu a kawo tsarin nan Gana mu gani. Wa zai bi gida-gida da tef? A ina za a tara karnukan, wa zai ciyar da su? Yawancin karnukan da ake sayarwa a nan ruwa biyu ne, babu takardar asali, mai sayarwa ne ke faɗin sunan da ya san zai ja kuɗi. Abin da zai faru mun san shi. Mai hali da ke bayan dogayen katangu zai samo takardar da ta kira karensa da wani suna, ya ci gaba da harkarsa. Saurayin zango da karensa ya yi babban kai, shi za a yi wa dirar mikiya, ko a karɓi na goro a ƙyale shi. Wasu kuma don tsoro za su ɓoye karnukan a ɗaki, su daina kai su allurar rigakafi, ko su kai su bayan gari cikin dare su sake. Kun ga an gudu ba a tsira ba.

Ba mu kaɗai ke da wannan tunani ba. Holand ta haramta Pit Bull a 1993, ta janye haramcin a 2008 bayan kwamitin da ta naɗa ya ga cizo bai ragu ba. Italiya ta fitar da jerin iri 92 a 2003, ta rage shi zuwa 17, a 2009 ta soke jerin gaba ɗaya ta mayar da alhakin kan mai kare. Birnin Montreal na Kanada ya hana a 2016, ya warware a ƙarshen 2017. Denver a Amurka ta riƙe haramci tun 1989, a 2020 masu zaɓe suka musanya shi da tsarin lasisi. A Indiya gwamnatin tarayya ta ba da umarnin hana iri 23 a watan Maris na 2024, ba a jima ba babbar kotun jihar Karnataka ta soke shi, don ba a tuntuɓi waɗanda abin ya shafa ba. A ita kanta Birtaniya, ƙungiyar likitocin dabbobi da manyan ƙungiyoyin kula da dabbobi irin su RSPCA da Dogs Trust sun daɗe suna adawa da hukunta kare saboda kamarsa.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, masu kiran haramci su ma suna da abin faɗa, kuma ba ƙarami ba. Jamus ta hana shigo da iri huɗu a 2001, bayan karnuka sun kashe wani yaro ɗan shekara shida a Hamburg, har yau ba ta janye ba. Denmak ta haramta iri 13 a 2010. Lardin Ontario na Kanada na riƙe da nasa tun 2005. Hujjarsu ita ce, kowane kare na iya cizo, amma ba kowane cizo ke kisa ba. Ɗan karen gida ya kafta maka haƙori a ƙauri, a wanke a yi allura ka koma gida. Karen da aka yi shekara da shekaru ana tace jininsa don faɗa ko don kayar da manyan dabbobi, idan ya kama wuyan yaro, ƙarti uku ba lallai su ɓamɓare shi ba. Suna kuma cewa, idan doka za ta jira sai kare ya yi cizo sannan ta kira shi mai haɗari, to cizon farkon ai shi ne zai iya zama ajalin wani. Uwar da ta binne ɗanta, ba za ka je mata da alƙaluman Holand ba.

Mun yarda da wannan, shi ya sa ba mu ce a zura ido sai an ga jini ba. Tsakanin haramci da sakaci akwai hanya ta uku, kuma an bi ta. Tun 1998 Ayalan ke da jerin manyan karnuka, ciki har da Rottweiler da Dobermann da karen makiyayan Jamus, waɗanda ba a hana kiwonsu ba, amma ba a fita da su sai da takunkumi da gajeriyar igiya mai ƙarfi, a hannun wanda ya haura shekara 16 kuma zai iya riƙe su. Faransa, wadda ta kasa karnuka masu haɗari gida biyu a 1999, ta ƙara a 2008 cewa mai irin wannan kare sai ya sami izini daga ofishin magajin gari, ya halarci horo, likitan dabbobi kuma ya gwada halin karen. Masar ma, bayan wani Pit Bull ya yi sanadin mutuwar wani mutum a unguwar Sheikh Zayed kusa da Alƙahira, ta yi doka mai lamba 29 ta 2023, wadda ta wajabta lasisi da takunkumi da igiya, ta kuma tanadi tara da ɗauri. Irin waɗannan sharuɗɗa suna fara aiki tun kafin cizo, kuma ɗan sanda ba ya bukatar tef kafin ya gane ko kare na da takunkumi ko babu.

Ɗaya ɓangaren shi ne ayyana kare guda a matsayin mai haɗari saboda halinsa. A jihar New South Wales ta Ostareliya, ƙarƙashin dokar 1998, ƙaramar hukuma na iya yin haka ga duk karen da ya kai wa mutum ko dabba hari ba tare da an tsokane shi ba, ko wanda ya saba yin barazanar hari, ko da wane iri ne. Ana fara aika wa mai shi takardar sanarwa, a ba shi kwana bakwai ya kawo ƙorafi, kuma yana iya ɗaukaka ƙara zuwa kotu. Idan hukuncin ya tabbata, dole a dandaƙe karen, a gina masa keji mai kulle wanda yaro ba zai iya shiga ba, a kafa allon gargaɗi a ƙofar gida, a sa masa abin wuya mai ratsin ja da rawaya don kowa ya gane shi daga nesa. Ba a barinsa a hannun wanda bai kai shekara 18 ba, kuma ba a sayar da shi. Mai kare ya sami damar kare kansa, maƙwabta sun sami kariya, karen da bai yi wa kowa komai ba kuma ba a taɓa shi ba.

Ɗaliban ilmi a zango za su ga wannan tsari ba baƙo ba ne a gare mu. A cikin Muhtasar na Shaihu Halil, wanda aka rubuta a Masar tun ƙarni na 14 kuma har yau ake karanta shi a zaurukan malamanmu, an lissafa riƙe kare mai cizo bayan an gargaɗi mai shi a cikin abubuwan da ke ɗora wa mutum alhakin ran da ya salwanta. Masu sharhi sun bayyana cewa gargaɗin a gaban hukuma ko a gaban shaidu ake yinsa. Wato dai a san halin karen, a sanar da mai shi a hukumance, idan ya yi kunnen ƙashi to abin da ya biyo baya a wuyansa. Malaman fiƙihu ba su tambayi wane iri ne karen ba, ko daga wace ƙasa ya zo. Abin da suka tambaya shi ne, yana cizo? An faɗa wa mai shi? Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

Tunda an zo nan, bari mu faɗa wa junanmu gaskiya. Da yawa daga cikinmu sun tashi da tsanar kare, har wasu na ganin jifansa ibada ce. Mazhabar Malikiyya da akasarinmu ke bi tana ɗaukar kare mai rai a matsayin mai tsarki, ko da yake Shafi'iyya da Hambaliyya sun saɓa. Hadisi ya yi izinin riƙe kare don farauta da kiwo da tsaron gona, malamai da dama kuma sun haɗa da tsaron gida idan akwai bukata. An ruwaito cewa Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, mai Risala, ya ajiye kare a gidansa lokacin da katangarsa ta faɗi kuma yana tsoron mugaye. Kowa kuma ya san ƙissar mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Wanda ba ya son kare a gidansa yana da hujjarsa, babu mai tilasta masa. Amma addini bai ba kowa lasisin zuba wa karen maƙwabci guba ba, bai kuma ce yara su taru su yi ta rotsa shi da duwatsu ba. Karen da ake jifa kullum, shi ne wata rana zai huce a kan yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Akwai kuma dalilin zaman tare. A ƙasar nan mu Musulmi kusan ɗaya ne cikin biyar, kamar yadda ƙidayar 2021 ta nuna. Maƙwabtanmu da yawa suna ɗaukar kare kamar ɗan gida. Idan muka fito muna cewa a hana karnuka don mu ba ma son su, za a ɗauki maganar ta addini, a yi watsi da ita, mu kuma a ce mun fiye neman rigima. Idan kuwa muka ce muna son yaron kowa ya wuce lungu lafiya, Kirista da Musulmi da mai bin gargajiya duk za su sa hannu, har da masu karnukan da ke kula da nasu yadda ya kamata, don su ma masu sakaci na ɓata musu suna.

Kada kuma hayaniyar manyan karnukan waje ta mantar da mu wanda ya fi kashe mutane a Afirka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukar kare na kashe kusan mutum 59,000 a kowace shekara, kashi 95 cikin ɗari a Afirka da Asiya, kuma kusan huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan duka daga cizon kare ake ɗauka, kuma galibi ɗan karen unguwa ne da ba a taɓa yi wa allura ba, ba wani mai suna da tsada ba. Da zarar alamun ciwon sun bayyana, sai dai addu'a. Amma idan aka yi wa bakwai cikin goma na karnukan wuri rigakafi, cutar kan daina yawo. Duk dokar da za ta sa mutane su ɓoye karnukansu daga likitan dabbobi, ta gyara wuri ɗaya ne ta ɓata goma.

Ga abin da muke kira a yi. Dokar ƙananan hukumomi ta 2016 ta ba majalisun birane da gundumomi ikon yin ƙananan dokoki, don haka ba sai an jira komai daga sama ba. Na farko, kowane kare a cikin gari ya zama yana da rajista da sunan mai shi da katin rigakafi, a kan kuɗin da talaka zai iya biya, a kuma riƙa kawo allurar cikin unguwanni tare da ma'aikatan kula da lafiyar dabbobi. Na biyu, duk karen da ya wuce wani nauyi da likitocin dabbobi za su tsayar, ko wane iri ne, kada a fito da shi titi sai da takunkumi da igiya a hannun babba, kuma kada a ba da izinin ajiye shi a gidan haya mai tsakar gida ɗaya sai da keji mai kulle da amincewar mazauna gidan. Na uku, a buɗe hanyar kai ƙara mai sauƙi, ta yadda maƙwabci zai sanar da hukuma karen da ya saba kai hari, a bincika, a saurari mai shi, a ba shi gargaɗi a rubuce tare da sharuɗɗa. Wanda ya karya, a ƙwace karen a ci shi tara.

Na huɗu, masu kiwo don sayarwa da masu shigowa da karnuka daga waje su yi lasisi, su riƙe rajistar wanda suka sayar wa. Mai sayar da ɗan Boerboel ga ɗalibin da ke kwana a ɗaki ɗaya ya san abin da yake yi. Na biyar, kuma wannan aikin majalisar dokoki ne, a fayyace hukunci da diyya. Idan akwai abin da ya cancanci a kwaikwaya daga Ingila, to gyaran 2014 ne, wanda ya sa laifin ya hau mai kare ko da a cikin gidansa aka yi cizon, ya kuma kai hukuncin wanda karensa ya kashe mutum har ɗaurin shekara 14. Mai karanta mitar wuta, da mai kwasar shara, da 'yar aikin gida, da yarinyar da aka aika kai abinci, duk cikin gidan mutane suke shiga, su ma suna da haƙƙi. Kuɗin asibiti da na allura kuwa, mai kare ne ya kamata ya biya tun ranar, ba sai iyayen yaro sun yi yawon bashi ba.

Sarakunan zango da limamai da wakilan unguwanni a majalisun gundumomi, wannan aikinku ne. Ku kira samarin da ke wannan sana'a ku zauna da su, don neman halaliya suke yi, kuma za su fi jin maganarku a kan ta ɗan sanda. Ku shigar da maganar a zaman majalisa tun ba a yi rashi ba. Malaman makarantun allo da na Islamiyya su koya wa yara cewa ba a tsokanar kare, ba a zuwa kusa da mai cin abinci ko mai shayarwa, kuma idan ya taso ba a ruga da gudu ana ihu, tsayawa ake yi cik a kau da ido. Iyaye kuma su riƙe wannan da kyau: idan kare ya ciji yaro ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, a wuce asibiti a ranar, komai ƙanƙantar ciwon. Addu'a da tofi suna da wurinsu, amma a yi su a kan hanyar asibiti. A kuma nemi mai karen ya fito da katin rigakafi, a sa ido a kan karen na kwana goma.

Kai kuma ɗan'uwa mai kare, ko don gadi ka ajiye shi ko don kasuwa, babu wanda ya ce ka yi laifi. Ɓarayi sun dami kowa, sana'a kuma sana'a ce. Amma dabbar da ka ɗaure a rana ba ruwa, ka hana ta abinci don ta ƙara zafi, ka koya mata cewa duk baƙo abokin gaba ne, ranar da ta ƙwace ba za ta tambayi waye ɓarawo waye ɗan maƙwabci ba. Gyara katanga, sayi takunkumi, yi allura, tun kafin hukuma ta zo ta tilasta maka. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah ya tsare mana 'ya'yanmu, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu.